Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministocin Teku da Albarkatun Ruwa Kan Hanyar Kifi da Madatsun Ruwa Suka Toshe

Zuwa ga Mai Girma Ministan Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa, da Mai Girma Ministan Albarkatun Ruwa da Tsaftar Muhalli, Abuja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, muna roƙon Allah Ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku.

Ina rubuto muku wannan wasiƙa daga Legas a madadin 'yan uwana Hausawa waɗanda abincinmu ke fitowa daga kifin ruwan daɗi: dillalai da masu sayar da banda a Mile 12 da Agege da Alaba Rago, da 'yan dako masu sauke kwalaye daga motocin Arewa, da matan da ke sarin kifi suna soyawa a unguwanni, da kuma masuntan da suka baro Yawuri da Argungu da Haɗeja da Baga suka zo neman na tuwo a ruwayen Epe da Ikorodu da Badagry. Ni kaina jinin Sarkawa ne, a bakin Kwara aka haife ni, kuma kifin banda nake sayarwa a wannan birni shekara da shekaru.

Tun da aka kafa ma'aikatar harkokin teku a 2023, aka kuma mayar da sashen kula da kamun kifi ƙarƙashinta, muke kasa kunne muna sauraron yadda za a cike giɓin kifi a ƙasar nan. Alƙaluman da gwamnati ke yawan ambata sun nuna cewa muna buƙatar kimanin tan miliyan 3.6 a shekara, alhali abin da muke samarwa a gida bai wuce kusan kashi ɗaya bisa uku na hakan ba. Mun ji batun kiwon tarwaɗa a kududdufai, mun ji batun jiragen kamun kifi a teku, mun ji batun rage shigo da kifin ƙanƙara daga waje, kuma duk muna maraba da su. Abin da har yanzu ba mu ji an ba shi muhimmanci ba shi ne hanyar da kifin kogi ke bi ya je ya hayayyafa, wadda madatsun ruwa manya da ƙanana suka toshe. Ɗaya daga cikinku kifi ne a hannunsa, ɗayan kuma ƙofofin madatsu, shi ya sa muka haɗa ku a wasiƙa ɗaya, domin babu wanda zai iya gyara wannan lamari shi kaɗai.

Ku yi mini uzuri in fara da abin da kowane yaron masunta ya sani. Kifin kogunanmu matafiyi ne. Idan damina ta kankama, ruwa ya kawo ya yi ja, a nan ne kifi ke gane cewa lokaci ya yi. Falia da kawara da farin dumi sukan yi ayari su haura sama suna gaba da ruwa, tarwaɗa da ramboshi kuwa su bi ƙoramu su bazu cikin fadamar da ciyawarta ta nutse. Bargi yakan share wuri a cikin ciyawa ya yi sheƙa mai zagaye, yauni kuma ya yi tasa sheƙar tana yawo a saman ruwa. A cikin wannan ciyawa 'ya'yan ke samun abinci da maɓoya har su yi ƙwari, sa'annan idan ruwa ya fara janyewa su biyo shi su koma babban kogi. Shi ya sa tsofaffinmu ke duban cikar fadama su faɗi yadda kamun baɗi zai kasance, kuma masana kimiyyar kifi sun daɗe da tabbatar da cewa yawan kamu a kogunan Afirka yana tafiya ne da girman cikar shekarun da suka gabata. Mu na Kwara ma Allah Ya ba mu cika biyu: farin ruwa, wanda ruwan saman yankinmu ke kawowa da laka a ƙarshen damina, da baƙin ruwa, wanda ke tasowa daga tsaunukan Gini, ya daɗe yana ratsa fadamun Mali, ya iso mana garau a cikin hunturu.

Ƙorafinmu na farko a kan manyan madatsu ne. An kammala Kainji a 1968, aka tashi mutane fiye da 40,000 daga garuruwansu, tsohuwar Bussa ta nutse. Aka zo aka gina Jebba a 1985 kimanin kilomita 100 a ƙasa da ita, aka gina Shiroro a kan kogin Kaduna a 1990, ga kuma Zungeru mai megawat 700 a kan wannan kogin dai. Kifin da a da yake tasowa daga wajen Lokoja ya haura yadda ya ga dama, yanzu bango ne ke tare shi. Wanda ke sama kuma idan ya biyo ruwa zai gangara, ta cikin injinan wuta zai bi, kuma ba kowanne ke fita da rai ba. Sai dai bangon ma bai kai sauya lokacin ruwa illa ba. Madatsar wuta tana riƙe ruwa ne a lokacin da fadama ke jiran cika, ta sake shi a lokacin da ake buƙatar lantarki, don haka kifi zai cika da ƙwai amma ruwan da zai kai shi fadama bai zo ba, ko kuma ya zo, ya zuba ƙwan, a wayi gari ruwa ya janye ya bar su a kan busasshiyar ƙasa. Lakar da ke takin fadama kuma tana kwantawa a gindin tafki, ruwan da ake sakowa daga can ƙasa yana da sanyi da ƙarancin iskar da kifi ke shaƙa. An rubuta tun shekarun farko cewa kamu ya faɗi ƙasa warwas tsakanin Jebba da Lokoja bayan rufe Kainji. A cikin tafkin kansa falia ta yi yawa na ɗan lokaci, har mutane suka ɗauka arziki ne ya zo ya zauna, daga baya ta ja baya, ƙananan kifaye irin su warangi suka mamaye kamu. Ba mu ƙin wutar lantarki, ranku ya daɗe, mu da ke zaune a Legas mun san zafin rashinta. Abin da ke damunmu shi ne, a jadawalin buɗe ƙofa da rufe ta ana lissafa wuta da noman rani da ruwan sha, amma ba a lissafa kifi.

Wanda yake shakkar wannan magana ya je fadamar Haɗeja da Nguru. Tun da aka gina Tiga a 1974 da Challawa a 1992, cikar da ke malale fadamar ta ragu ƙwarai, kuma maimakon kogi ya cika da damina ya ƙafe da rani kamar yadda ya saba, sai ya koma gudu kaɗan-kaɗan duk shekara. Wannan yanayi shi ne ciyawar kacala ta fi so, ta kuwa toshe rassan kogi har kwalekwale ba ya ratsawa, ta zama masaukin tsuntsayen jan baki masu cinye shinkafa da gero. Masunci ya yi asara, manomi ya yi, makiyayi ma ya yi. Haka labarin yake a ƙasa da Bakolori, wadda aka gina a kan kogin Sakkwato a 1978, da Goronyo a kan Rima a 1984. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali tun 1934, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, ya kwashe kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin a dawo da shi a 2020, kuma cikin dalilan da aka riƙa ambata har da ƙarancin ruwa a Matan Fada, gurbin da ake yin bikin. Giwan ruwan da ake ɗagawa a nuna wa baƙi ba a wannan gurbi kaɗai take girma ba, kogin gaba ɗaya ne ke renonta.

Ƙorafi na biyu ya shafi nan inda muke zaune, domin mutane da yawa suna ɗauka cewa tunda Legas tana bakin teku, babu ruwanta da maganar madatsa. Tafkin Legas da na Lekki koguna ne ke shayar da su: Ogun yana zuba a na Legas, Osun kuma a na Lekki. A kan Osun akwai madatsar Asejire, a kan Ogun akwai ta Ikere Gorge can wajen Iseyin, a kan reshensa kuma akwai ta Oyan da aka buɗe a 1983. Ruwan tafkin Legas yakan yi gishiri da rani ya koma na daɗi da damina, kuma a kan wannan juyi rayuwar halittu da yawa ta ginu. Kifin da Yarabawa ke kira obokun, wanda ya yi wa kasuwar Epe suna, yana cikin masu haurawa ruwan daɗi da damina domin hayayyafa. Kowa a Legas ya san sunan Oyan ne ta dalilin ambaliya, domin idan aka saki ruwa a ƙarshen damina mutanen Isheri da Agiliti da Owode da kewayen Mile 12 sukan shiga tasku. Ana tattauna wannan kowace shekara, kuma ya cancanci a tattauna, amma ba mu taɓa jin an tambayi abin da sakin ruwa na bagatatan, ko riƙe shi a farkon damina, ke yi wa kifin da ke hanya ba.

Ina so in ɗan tsaya a kan jatan landen kogi, babban nan mai dogayen hannuwa da ake sayarwa a Epe da Badagry, domin maganarsa ta wuce ta abinci. Manyansa a ruwan daɗi suke zaune, amma 'ya'yansa ba sa rayuwa sai a ruwa mai ɗan gishiri, saboda haka dole zuriyar ta gangaro bakin teku, ƙananan kuma idan sun yi ƙwari su kama hanya su haura kogi. Wannan halitta tana cin dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya. A ƙasar Senegal, da aka kammala madatsar Diama a 1986 kusa da inda kogin Senegal ke shiga teku, hanyar jatan lande ta yanke, ya ɓace daga saman madatsar, dodon koɗi ya yi yawa, aka samu ɓarkewar tsargiya mai tsanani a garuruwa irin su Richard Toll. Daga baya masu bincike sun gwada mayar da jatan landen a wani mashigin ruwa na ƙauye, suka ga dodon koɗi mai cutar ya ragu. A nan gida ma masana sun rubuta yaɗuwar fitsarin jini a ƙauyukan da ke kewaye da tafkin Oyan. Wanda ya buɗe wa wannan halitta hanya ya taimaki masunci, ya kuma taimaki ma'aikatar lafiya.

Ƙorafi na uku shi ne na ƙananan shingaye, waɗanda ba su da suna a kowace takarda. A wata damina da na je gida, na tsaya a bakin wani kwalbati da wani ɗan kwangila ya saka a kan ƙoramar da ke kai ruwa fadamarmu. An ɗora bututun sama, bakinsa ya fi ruwan ƙasa da kamu biyu, ruwa na zubowa daga ciki da ƙarfi. A gindinsa tarwaɗa ce ta taru baƙi ƙirin, tana yunƙurin hawa tana faɗowa, yara kuwa sun shiga da kwanduna da buhuna suna kwasa. Na sa aka fasa cikin guda a gabana, ƙwai ne cunkus. Yaran suna murna, kuma ba laifinsu ba ne, amma abin da suka kwasa a yinin nan shi ne kamun da iyayensu za su nema baɗi su rasa. Irin wannan kwalbati, da bangon da ake yi a gefen kogi don kare gonakin shinkafa, da ƙananan madatsun ƙasa da suka cika da yashi aka yi watsi da su, suna nan birjik a ƙasar nan. A Legas kuwa nasu salon shi ne cike bakin ƙoramu da yashi don gina gidaje, da sare itatuwan gaɓar ruwa inda ƙananan kifi ke fakewa, da haƙar yashi da ke dagula ruwa yana rusa wuraren zuba ƙwai. Nahiyar Turai da ta zauna ta ƙirga nata, wani bincike da aka wallafa a 2020 ya gano shingaye aƙalla miliyan 1.2 a kogunanta, kuma mafi yawansu tsayinsu bai kai mita 2 ba. Mu ma sai mun ƙirga namu kafin mu san girman aikin.

Adalci ya sa in ambaci namu hannun a ciki. Akwai masuntan da ke kafa dumba su datse reshen kogi daga wannan gaɓa zuwa waccan da jerin gura, babu abin da zai wuce. Akwai masu jan taru mai ido kamar gidan sauro, akwai ma masu zuba guba. Muna Allah wadai da wannan. Sai dai a lura cewa yawancin wannan ɓarna ta ƙaru ne bayan kamu ya ragu, mutum ya ga komarsa ta gado ba ta ƙara ciyar da gidansa.

Sakamakon duk wannan a hannunmu yake faɗowa. Idan mota ta iso Mile 12 da asuba aka sauke kwalaye, ni nake yanke igiya in buɗe, kuma abin da nake gani ya sauya. A da kwali kan zo da gunduwa-gunduwar giwan ruwa da ramboshi, mai na naso a jikin takarda. Yau sau da yawa in na zura hannu sai in ɗebo ƙananan kurungu da karfasa da ba su wuce tsawon yatsa ba, waɗanda da a ce an bar su wata shida da sun ninka nauyinsu. Wata dattijuwa Bayarabiya da ta daɗe tana saye a wurina ta zo neman yauni, wanda suke kira eja osan, domin kayan auren ɗanta, tunda a al'adarsu kifi ne mai daraja a wurin biki. Da na faɗa mata kuɗin guda ɗaya sai ta riƙe baki, ta juya shi a hannu ta ajiye, ta ce za ta dawo. Matan da ke sarin kifi a wurinmu da yawa sun koma kifin ƙanƙara, shi ma kuɗinsa na bin dala. Samarin Sarkawa da Kabawa da suka gaji kamun kifi daga kakanni suna nan a Legas suna tura baro da gadi, wasu kuma sun tsallaka Kamaru da Chadi da Mali suna bin ruwan wasu. A gidan talaka kifi ne naman miya, kuma idan ya gagara, yara ne ke fara nunawa a jikinsu. Wani rahoto da ƙungiyoyin kare muhalli na duniya suka fitar a 2024 ya nuna cewa kifayen ruwan daɗi masu ƙaura da aka bi diddiginsu sun ragu da kashi 81 cikin 100 tsakanin 1970 da 2020, kuma bayanan da aka samu daga Afirka kaɗan ne. Mu ba mu buƙatar rahoto kafin mu yarda.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne doka tana nan. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta ɗora wa hukuma alhakin sa ido kan gina madatsu da shingaye domin kifi ya samu walwalar wucewa, ta kuma ce idan an ba da izinin gini a yi wa kifi matakala, wato hanyar da zai bi ya haye bangon. A shekarar 1992 ɗin ce kuma aka kafa dokar auna tasirin manyan ayyuka ga muhalli. Muna tambaya cikin ladabi: madatsu nawa aka gina bayan 1992, kuma a cikinsu guda nawa ne aka yi wa kifi hanya?

Gyara yana yiwuwa, kuma an gani a wurare da dama. A Amurka an rushe madatsu biyu a kan kogin Elwha tsakanin 2011 da 2014, kifin salmon ya koma wuraren da ya rabu da su kusan shekara ɗari. A 2024 an kammala cire madatsu huɗu a kan kogin Klamath, kuma cikin 'yan makonni aka ga kifin ya haura har jihar Oregon. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2024 da ke neman a 'yantar da kilomita 25,000 na koguna kafin 2030. Amma misalin da ya fi kusa da mu, ya kuma fi dacewa da halinmu, yana arewacin Kamaru. Can an gina madatsar Maga a 1979 tare da bango a gefen kogin Logone domin noman shinkafa, fadamar Waza ta bushe, kifi da kiwo suka durƙushe. A 1994 aka sake buɗe wani reshen ruwa da aka toshe, fadama mai faɗi ta sake cika, ciyawa ta dawo, kifi ya dawo, masunta da makiyaya suka dawo. Ba a rushe madatsar ba, ruwa kawai aka mayar wa fadama a kan lokacinsa.

Saboda haka, ranku ya daɗe, babbar buƙatarmu ita ce a sanya kifi a cikin jadawalin sakin ruwa na kowace babbar madatsa. Muna roƙon ma'aikatun biyu su zaunar da hukumomin raya kogunan ƙasa, da kamfanonin da ke tafiyar da tashoshin wuta, da Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa, da sarakunan ruwa na kowane yanki, a tsayar da makonnin da za a riƙa sakin ruwa mai kama da cikar asali, ya hau a hankali, ya daɗe gwargwadon yadda ƙwai zai ƙyanƙyashe 'ya'ya su yi ƙwari, ya kuma sauka a hankali. A rubuta wannan a cikin ƙa'idar aikin madatsa yadda ba zai dogara ga ra'ayin wanda ke kan kujera ba, a kuma riƙa sanar da jama'a ta rediyo da harsunansu tun kafin ranar. Sakin ruwa da wuri kaɗan-kaɗan yana iya rage tilascin sakinsa gaba ɗaya a ƙarshen damina, don haka mazauna bakin Ogun ma za su amfana. Muna ganin Tiga da Challawa da Goronyo da Oyan sun dace a fara da su.

Muna kuma roƙon a aiwatar da dokar 1992 a kan duk wata sabuwar madatsa, har da ta Dasin Hausa da ake ta maganar ginawa a Adamawa, kada a amince da zane sai an nuna irin kifin da ke bin wurin, da watannin da yake wucewa, da yadda zai hau ya kuma sauko. A nan muna da gargaɗi. Kada a kwaso zanen matakalar da aka yi don salmon, kifi mai tsalle da ƙarfin iyo, a kafa mana a ce an cika sharaɗi. Yawancin kifinmu, irin su kurungu da ragon ruwa, ta ƙasan ruwa suke tafiya, abin da ya fi dacewa da su shi ne ƙorama ta kewaye mai gangara a hankali, da duwatsu da wuraren hutawa. A Brazil an ga inda matakala ta hau da kifi sama, amma ƙwai da 'ya'yan suka kasa saukowa ta cikin tafki mai kwantaccen ruwa, aka ƙara asara maimakon a rage. A bango mai tsayi irin na Kainji, wanda ya haura mita 60, matakala ba ta da sauƙi, shi ya sa muka fi matsawa a kan lokacin ruwa. A ƙananan shingaye kuwa aikin ba shi da tsada, musamman ga jatan lande, wanda gangare mai kaushi da ɗan ruwa na bi ta kansa ya ishe shi ya rarrafa ya haye. Muna roƙon a fara gwajin wannan a kogin Ogun, tare da cibiyar binciken teku da ke Victoria Island.

A ƙirga shingayen da ke kan kogunanmu kaf, kogi bayan kogi, a ware waɗanda suka daina amfani a cire su, a kuma ba ma'aikatun ayyuka na tarayya da na jihohi ƙa'idar saka kwalbati yadda gindinsa zai nutse daidai da ƙasan ƙorama. Ga gwamnatin jihar Legas, wadda muke fatan za ku isar mata da wannan kuka, muna roƙon a keɓe bakunan ƙoramu da wuraren hayayyafar kifi a yankunan Epe da Ikorodu da Badagry, a hana cike su, a kuma dakatar da haƙar yashi kusa da su a watannin damina.

Game da zuba 'ya'yan kifi a tafkuna, wanda shi ne abin da aka fi saurin yi idan an tashi taimakon masunta, muna cewa yana da amfani a ƙananan tafkuna rufaffu, amma ba zai maye gurbin kogi ba. Gidan ƙyanƙyasa iri biyu ko uku yake fitarwa, alhali kogin Kwara yana ɗauke da iri fiye da ɗari biyu. Zuba kifi a ruwan da babu wurin hayayyafa tamkar zuba ruwa ne a kwando. Idan za a zuba, a ɗauko iyayen daga kogin da za a zuba a cikinsa, kada a saki tarwaɗar kiwo da aka haɗa jinsinta da ramboshi ta gurɓata irin na asali.

Mun amince a hana dumba mai datse kogi gaba ɗaya, a hana taru mai ƙaramin ido, a kuma tsayar da watannin hutun kamun kifi a lokacin da kifi ke ɗauke da ƙwai. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin tun kafin zuwan Turawa sarkin ruwa ke rufe gurbi ya hana taɓa shi sai ranar da aka buɗe, kuma a kan wannan al'ada bikin Argungu ya tsaya. A mayar wa sarakunan ruwa ƙarfinsu a cikin doka, a haɗa su da jami'an gwamnati, a kuma tanadi ɗan tallafi ko rancen noma ga masunta a watannin hutu, domin mai jin yunwa ba ya kiyaye doka. Tunda kuma Kwara da Binuwai ba a ƙasarmu suka faro ba, muna roƙon wakilan Najeriya a Hukumar Kogin Neja da ke Yamai su riƙa tayar da maganar kifi da cikar fadama duk lokacin da ake tattauna madatsar Kandaji da ake ginawa a Jamhuriyar Nijar, da ta Lagdo da ke Kamaru.

A namu ɓangaren, a shirye muke mu buɗe rumfunanmu ga ma'aikatanku da ɗaliban jami'o'i. Kowane dillali ya san garin da kwalinsa ya fito, da irin kifin da ke ciki, da watan da kowane iri ke yawa ko ya ɓace, kuma da yawanmu muna da littattafan ciniki na shekaru. Idan aka turo masu auna kifi su riƙa zuwa Mile 12 da kasuwar Epe a kai a kai, za a samu bayanin da zai nuna ko sakin ruwan da aka gwada ya yi aiki ko bai yi ba. Muna roƙon a ba mu rana, ko a Abuja ko a nan Legas, mu turo wakilai tare da dattawan masunta su yi muku bayani baki da baki kafin damina mai zuwa ta faɗi.

Allah Ya ƙara muku lafiya da basira. Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Wani mai sayar da kifin banda, a madadin 'yan uwansa masu sana'ar kifi,
Mile 12, Legas.